Wai yaron ya balaga, uban ya daina turo kuɗin ciyarwa

Wannan saƙon tun daren Laraba ya shigo min, sai da na karanta shi sau uku kafin na iya fara rubuta amsa. Yana da tsawo sosai dan haka na taƙaita, ga abinda baiwar Allahn ta ce:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar nan cikin gari ce, aurena ya mutu shekara takwas kenan, yaranmu uku da shi. Babban namiji ne, shawara ce ta kama shi yana ɗan kwana huɗu a duniya, bamu gane da wuri ba sai da ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yanzu shekararsa 17, baya tafiya, baya iya cin abinci da kansa, magana ma ni kaɗai nake gane abinda yake faɗa, ga farfaɗiya. Da muka rabu uban ya kwashe ƙannensa biyu masu lafiya ya bar min shi. A 2018 na kai ƙara kotu aka yanka masa dubu goma duk wata, wani watan ya bayar wani watan sai na yi ta aike. To yau wata bakwai kenan ya daina gaba ɗaya, wai yaron ya balaga shari'a ta sauke masa nauyi, wai wani malami ne ya gaya masa. Kuma wallahi Anti ba babu bace, shago gare shi a Kantin Kwari, bana ma ya ƙara aure ya je Umara. Wata yayar uban har ce min ta yi na dinga kai yaron bakin masallaci ranar Juma'a ai irinsu suna samu. Ni ɗinki nake yi, kuɗin famfas da maganin farfaɗiya da shatar ɗan sahu zuwa gashin ƙashi a asibiti sun fi ƙarfina. 'Yan gidanmu sun ce na haƙura na bar shi da Allah kar na sake kai uban 'ya'yana kotu. Ga wani ya fito yana nemana da aure ina tsoron abinda zai biyo baya. Anti da gaske ne nauyin ya sauka daga kansa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bai sauka ba. Na fara da wannan ne dan ki samu ki yi bacci yau, sauran bayanin kya iya karantawa da safe.

Na lura duk tsawon saƙon nan ko sau ɗaya baki kama sunan yaron ba, na ce oh ni, ɗan fari kenan, alkunya tana nan ko a cikin wannan hali. Allah Ya baki ladan ɗawainiyarsa, shekara 17 kina ɗauka kina saukewa ba wasa bane.

To mu zo kan maganar malamin nasa. Ko dai bai gaya wa malamin gaskiyar halin da yaron yake ciki ba, ya je ne kawai ya ce "Malam ɗana ya balaga har yanzu ciyarwarsa tana kaina?", ko kuma an karanta masa jimlar gaba ɗaya shi ya tsinci rabin da ya yi masa daɗi ya sa a aljihu. Kotunan Shari'a na jihar nan ta Kano da mazhabar Malikiyya suke aiki, kuma maganar nan ba a wani ɓoyayyen littafi take ba, a cikin Risala take, Risalar nan ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni. Abinda ke ciki shi ne uba zai ciyar da 'ya'yansa da basu da dukiyar kansu, maza har su balaga, amma da sharaɗin babu wata naƙasa mai ɗorewa a jikinsu, mata kuma har su yi aure miji ya tare da su. Kinga sharaɗin nan shi ne gaba ɗaya shari'arki. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda da wuya ki shiga ofis ɗin alƙali baki gan shi ko sharhinsa ba, ya ma fi fitowa fili, ya ce ciyar da ɗa namiji yana kan uba har sai ya balaga yana mai hankali kuma mai iya nema. Abu uku kenan, balaga, hankali, iya neman na kai. Ɗanki guda ɗaya ya cika a ciki. Yaron da sai an ba shi abinci a baki ina ya ga zuwa kasuwa? Dan haka ko gemunsa ya kai ƙirji, ko ya shekara arba'in, in dai yana cikin wannan halin kuma uban yana da abin hannunsa, cinsa da shansa da suturarsa da wajen kwanansa suna wuyan uban.

Akwai wani bambanci da ya kamata ki sani dan kar wani ya ruɗa ki da shi a gaban alƙali. A Malikiyya in yaro ya balaga lafiyarsa ƙalau yana iya nema, daga baya wata lalura ta same shi, to a nan ne ake cewa wajibcin baya dawowa kan uba. Naki ba haka bane, tun yana jariri ne, balagar ce ta zo ta same shi a kwance. Shi yasa takardar asibiti da zata nuna tun yaushe abin ya fara take da muhimmanci fiye da duk kukan da zaki yi a kotu.

Sai maganar 'yan gidanku. Na san irin zaman da aka yi dake, na san an ce miki mai haƙuri shi ke dafa dutse, an ce gobe 'ya'yanki zasu tashi a ce uwarsu ta yi shari'a da ubansu, kuma ba da mugunta suka faɗa ba, tsoron surutu ne irin namu na cikin gari inda kowa ya san gidan kowa. Amma ki tambaye su cikin ladabi, kuɗin nan da suke cewa ki yafe na waye? In da naki ne, in da wani bashi ne kike binsa ko kayan ɗakinki ne ya riƙe, sai na ce miki ki duba zuciyarki in zaki iya ki bar masa. Wannan haƙƙin yaro ne, yaron da bashi da bakin da zai ce na yafe ko ban yafe ba, ke amana ce kawai a hannunki. Kuma duk wanda ya ce ki bar shi da Allah, ai Allahn ne Ya ce a Baƙara aya ta 233 ci da sutura suna kan wanda aka haifar wa ɗan, Ya kuma ce a Suratul Ɗalaƙ mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Hindu matar Abu Sufyan da ta je wajen Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta baya bata abinda zai ishe ta da ɗanta, ba a ce mata ta koma gida ta rufa wa mijinta asiri ba, cewa aka yi ta ɗauki abinda zai ishe ta ita da ɗanta gwargwadon yadda aka saba. Waccan ma fa da aurenta. Sannan a cikin masu cewa ki haƙura ɗin nan wa ya ce shi zai dinga sayen maganin farfaɗiyar duk wata? In akwai shi toh madalla. In babu, haƙurin da suke nema a jikin yaron za a yi shi, kuma maganin farfaɗiya ba a wasa da shi, yankewa farat ɗaya yana iya tada jijjiga mai tsanani wadda take kai mutum asibiti ranga-ranga.

Ban ce gobe da sassafe ki ɗauki mayafi sai kotu ba. Ki bawa sulhu haƙƙinsa, ko dan bakin mutane ya mutu. Ki samu namiji babba a gidanku, kawu ko yaya, su je su samu wanda uban yaron yake jin kunyarsa, kowane ɗan kasuwa yana da irin wannan mutumin, ko ubangidansa da ya yaye shi, ko limamin masallacin da yake sallah, ko mai unguwa. A tafi da Risalar ma in ta kama a buɗe masa wajen. Amma a sa rana, sati biyu ya isa, dan na san halin "insha Allahu zan duba" na mutanenmu, sai ki shekara ana dubawa. In hakan bata yi ba akwai Hisbah, babban ofishinsu yana Sharaɗa kuma suna da ofis a ƙananan hukumomi, irin wannan ƙorafin kullum suna cikinsa, zasu kira shi su zaunar daku. Sai dai ki gane Hisbah sulhu take yi, mai yanke hukuncin da za a tilasta wa mutum alƙali ne. Dan haka duk abinda aka daidaita a kai, a zaure ne ko a ofis, a rubuta shi, ya sa hannu, shaidu su sa, sannan ki kai takardar kotu a mayar da ita hukunci. Alƙawarin baki a gaban manya daɗinsa wata biyu ne.

Dalilin da yasa nake ta nanata takarda da gaggawa, akwai wata ƙa'ida a fiƙihun namu da mata da yawa basu sani ba kuma tana cinye musu haƙƙi. Ciyarwar ɗa ba kamar ta mata bace, in lokaci ya wuce ba a nema ba tana faɗuwa daga kan uba, sai in alƙali ya riga ya yanka, ko kuma wanda ya ciyar ɗin ya yi ne da niyyar za a biya shi ba kyauta ba. Ke Allah Ya taimake ki kina da hukuncin 2018. To abu na farko da zaki yi tun kafin kowane zama, ki je kotun da ta yi shari'ar ki nemi kwafin hukuncin a wajen rajistara, ki sa wanda ya iya ya karanta miki shi kalma bayan kalma. In an rubuta zai dinga bayarwa duk wata ba a sa iyaka ba, to watanni bakwai ɗin nan bashi ne a kansa, dubu saba'in cif, da duk wani watan baya da ya tsallake, kuma bashi da ikon ya tashi da kansa ya soke hukuncin kotu dan wani ya gaya masa magana a zaure, shi ya kamata ya koma gaban alƙali in yana ganin an sauke masa. In kuwa an rubuta "har ya balaga" ba a ambaci lalurar yaron ba, wanda hakan yana faruwa in ba a yi wa alƙali cikakken bayani ba tun farko, to kinga kowane wata da kika ƙara a zaune asara ce, ki shigar da sabuwar buƙata, kuma daga yau ki kafa shaidu biyu cewa abinda kike kashewa kina yi ne a madadin uban zaki nemi abinki. Ana iya neman ki rantse a kan haka, dan haka ki ƙudurce niyyar da gaske.

Na taɓa raka wata 'yar ƙanwar babata neman irin wannan kwafin a wata kotu, sai da muka yi sawu huɗu, yau a ce mai makullin baya nan gobe a ce fayil ɗin yana cikin waɗanda aka ɗaure. Ranar da muka tafi da lambar shari'ar da shekarar a rubuce a 'yar takarda, ranar aka samo shi. Ki bincika cikin kayanki ko akwai tsohon sammaci ko rasit, lambar tana jiki.

Kuma kar ki je kotu dan a dawo miki da dubu goma kawai. Dubu goman 2018 ina ita ina ta yau? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin ɗan sahu kaɗai ya ishi mutum, gwamnatin tarayya da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dubu 70 a 2024, Kano ta sa dubu 71, wato kowa ya yarda kuɗin da ba shi bane na yanzu. Ciyarwa ana auna ta ne da buƙatar yaro da ƙarfin uba da tsadar gari, in ɗaya ya canza kina da damar ki nemi a sake lissafi. A nan ne mata suke faɗuwa wallahi, alƙali ya ce nawa kike kashewa sai ki ji "Allah Ya gafarta Malam da yawa ne", sai hawaye. Da yawa ba lissafi bane. Ki sayi littafi ɗan ƙarami ki yi wata guda cur kina rubuta komai, famfas leda nawa, magani kwali nawa da rasit ɗin kemis, zuwa gashi sau nawa a wata da kuɗin shata zuwa da dawowa tunda ba yaron da za a cusa a sahu da mutane bane, abincinsa tunda na san irinsu ba komai suke iya haɗiya ba sai mai laushi, sabulu da omo na wankin da baya ƙarewa, ledar katifa, gyaran kekensa. Har rabonsa na kuɗin haya ki saka in haya kike, dan Mukhtasar ɗin ya ce mai riƙon yaro ita ke karɓar kuɗin ciyarwarsa a hannunta, wajen zama kuma alƙali ya duba ya ƙiyasta. Abinda bazan ɓoye miki ba, a mazhabar nan ba a yanka wa uwa lada dan renon kansa, dan haka kar ki ɓata bakinki a kan "a biya ni wahalata", ki tsaya kan buƙatun yaron ɗaya bayan ɗaya, sun ma ishe ki.

Sai rahoton likita. Duk inda yake ganin likita, ko Asibitin Malam ne, ko Murtala, ko na ƙashi da ke Dala in can kuke zuwa gashi, ki roƙi likitan da ya san shi ya rubuta miki a takardar asibiti mai hatimi: sunan lalurar, tun yaushe take, cewa mai ɗorewa ce, cewa bazai iya sana'a ko kula da kansa ba, da magungunan da yake sha kullum. In alƙali ya nemi ganin yaron ki kai shi, ba abin kunya bane, gani ya kori ji.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne tabbatar da samun uban. Da ma'aikacin gwamnati ne da sauƙi, albashi a rubuce yake kuma ana iya neman kotu ta sa a dinga cirewa daga tushe. Ɗan kasuwa kuwa ranar shari'a zaki gan shi da tsohuwar riga da silifas yana cewa kasuwa ta mutu kayan shagon ma na mutane ne. To ke kuma sai ki zo da abinda ido ya gani: shagon yana layi kaza, motar da yake hawa, makarantar da ƙannen yaron suke da kuɗin zangonta, auren da ya yi bana, Umarar da ya je. Ba tonon asiri bane kuma ba kishi bane, ki faɗe su a natse kamar mai karanta lissafi, ko da wasa kar ki zagi amaryar ko ki ɗauko tarihin zamanku, da kin fara haka za a ce ai daman kishi ne ya kawo ta. Mutumin da ya iya haɗa lefe a wannan marrar bazai ce famfas ya gagare shi ba. Ki roƙi a rubuta ranar biya a cikin hukuncin, kuma a dinga turowa ta asusun banki ko ta hannun kotu, kar ki yarda da "zan aiko yaro da shi", alat shi ne shaidar da bata mantuwa. In an yanke ya ƙi bi, kotun da ta yanke ita zaki koma wa ki nemi a zartar, tana da ikon ta matsa masa, hadisi ne ingantacce cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Amma ni dai ba burina a ɗaure shi ba, wanda ke tsare baya buɗe shago, kuma uban 'ya'yanki ne.

Akwai wata barazana da nake kyautata zaton zai yi, gara ki ji ta daga bakina. Zai ce toh tunda haka ne a bashi ɗansa. Kuma maganar tana da tushe, dan malaman da suka yi sharhin Mukhtasar sun ce renon ɗa namiji yana ƙarewa daga kan uwa da balaga ko da yaron mai lalura ne, ciyarwa ta ci gaba a kan uba kuma ɗawainiyarsa ta koma wuyansa. Kinji fa, wato abinda ya kira sauke nauyi a gaskiya ƙarin nauyi ne, balagar da yake taƙama da ita ke ta sauke wa, ba shi ba. Mutumin da ya zaɓi masu lafiya ya bar wannan shekara takwas, da wuya ya so a kai masa shi gidan amarya, yawanci faɗa ake dan uwa ta tsorata ta janye. Kar ki tsorata kuma kar ki yi gatse ki ce a ɗauke shi. Ki gaya wa alƙali wa ya san yadda ake bashi abinci bai shaƙe ba, wa ya san alamar farfaɗiyar kafin ta tashi, wa yake gane maganarsa, ki nemi a rubuta cewa zai ci gaba da zama a wajenki dan maslaharsa, uban kuma ya ɗauki nauyi. Kuma tunda ɗawainiyar tasa ce, ki sa maganar mai taimako a lissafin, namiji da zai dinga zuwa ɗaga shi da yi masa wanka. Saurayi ne fa yanzu, bayanki ba ƙarfe bane, shi ma kuma yana da mutuncin da ya kamata a kiyaye masa ko baya iya faɗa.

Maganar yayar tasa ta bara kuwa, hmm, Allah Ya shirye ta. Ɗan ƙaninta, jininsu, shi take cewa a kai bakin masallaci a shanya a rana alhali ubansa yana Kwari yana ƙirga bandir. Bara ba sana'a bace balle a ce ai yana iya nema. Kuma ko a dokar ƙasa, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a yi amfani da mai naƙasa wajen bara, da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Tunda na ambaci dokoki bari na faɗa miki inda suka tsaya dan kar wani ya cika ki da suna. Waccan dokar magana take a kan wariya da karatu da aiki da hanyar shiga gine-gine, bata yanka wa uba ko sisi ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro yana da haƙƙin iyayensa su ɗauki nauyinsa gwargwadon ƙarfinsu, amma yaro a wajenta shi ne wanda bai kai 18 ba, naki kuwa saura ƙiris. Kano ta yi tata dokar kare yara da Ganduje ya sa wa hannu a Mayun 2023 dab da zai sauka. Masu auren rajista su kuma dokarsu ta 1970 ta tsaya a shekara 21 sai in kotu ta ga wani dalili na musamman. Duk ki duba, babu wadda ta kai fiƙihun da ke hannunki ƙarfi a wannan matsalar, shi bai sa shekara ba sam, iya nema ya sa. Abin takaicin kawai matan da suka san da haka basu da yawa, mazan da suka sani kuma sun yi shiru.

In kuɗin lauya ne matsala, kotun Shari'a kina iya tsayawa da bakinki, mata nawa suke yi kullum. Amma in ya ɗauko lauya ke ma ki nema, akwai hukumar bada tallafin shari'a ta tarayya wadda aka kafa tun 1976 dan marasa ƙarfi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kano, akwai ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ki je da takardunki a jere cikin fayil ɗaya, da kwafi, asalin kuma kar ki bar wa kowa.

Manemin naki kuma, ki aura in kin yaba da addininsa da halinsa, baki yi laifin komai ba da zaki ƙare rayuwarki a bakin keken ɗinki. Aurenki baya sauke ciyarwar yaron daga kan ubansa, kuɗin yaron ake bi duk inda yake, a wajenki ne ko a wajen mahaifiyarki. Sai dai ki gama maganar kotun nan tukunna kafin a sa rana, dan in kika tare uban zai samu abin faɗa. Kuma kar ki wadatu da "ai ɗanki ɗana ne" na lokacin zance, ki sa ya zo gidan da rana tsaka lokacin da ake canza wa yaron famfas ko ake bashi abinci yana dawo da shi, ya zauna ya gani, ke kuma ki kalli fuskarsa.

Abu ɗaya da baki tambaya ba amma ya tsaya min a rai, ƙannensa biyun nan. Suna zuwa wajensa kuwa? Sun san yadda ake riƙe masa kofi? In za a rubuta sulhu ko hukunci ki roƙi a saka cewa za a dinga kawo su suna kwana biyu a wajenku ko da lokacin hutu ne, dan wata rana daga ke har uban babu wanda zai kasance, su ne zasu rage masa, kuma a Malikiyya ba a tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa, shaƙuwa ce kawai zata sa su yi. Gadonsa kuma cikakke ne kamar na kowane ɗa namiji, lalura bata rage masa ko ƙwandala, ki sa wannan a ranki ki kuma gaya wa wani amintacce a danginku.

Ranar Litinin ki fara da kwafin hukuncin nan. In kin karɓo ki ɗauki hotonsa ki turo min ta inda kika turo wannan saƙon, ki rufe sunayen da yatsa, ina son na ga ko an rubuta "har ya balaga" ko ba a rubuta ba.